Tukunyar Kakanninmu Ba Ta San Tumatir Ba

Idan aka tambaye mu a Kashin Zama ko Jega ko Maiyama mene ne abincinmu na gargajiya, ba ma ɓata lokaci: tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar sure, dambu, fura da nono. Amma da za a ɗauko matar da ta yi girki a wannan ƙasa shekara ɗari uku da suka wuce a zaunar da ita a madafinmu na yau, da rabin kayan da ke kan faifai ba za ta iya kiran sunansu ba.

Gero namu ne tun fil'azal, domin a yankin Sahel aka fara noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Haka jar shinkafar nan ta fadama, wadda aka fara nomawa a bakin kogin Neja, cikin ƙasar Mali ta yau, tun kafin farar shinkafar Asiya ta iso. Kuka da kuɓewa da wake da gujiya duk 'yan gida ne. Su kuwa tumatir da barkono da tattasai da gyaɗa da rogo da masara, baƙi ne daga nahiyar Amurka, babu wanda ya taka ƙasar Afirka kafin 1492. Kafin zuwan barkono, masoro da kimba da citta ke riƙe da yajin miya. Masara ma sunanta kaɗai ya tona asirinta, don ya nuna kakanninmu sun ɗauke ta a matsayin hatsin Masar.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Mutanen Girka suna tinƙaho da musaka, abincin da ake jera yalo da niƙaƙƙen nama a gasa, alhali tumatir bai zauna a tukunyarsu ba sai a ƙarni na 19, kuma farar miyar madarar da ake shimfiɗawa a samansa wani kuku ne, Nikolaos Tselementes, ya aro ta daga Faransa a shekarun 1920.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne albasa. Sunanta daga Larabci ya fito, al-basal, alamar ta hanyar Sahara ta zo mana. Ga shi yau Aliero ta zama uwar albasa, motoci na lodi zuwa Legas da Onica. Baƙuwa ta zama 'yar gari, har ta koya wa iyayenmu mata dabara: a shanya lawashi, a mayar da shi gabu, a adana don ranar da albasa ta yi tsada. Duk wanda ya ci miyar da aka daka wa gabu ya san ba ƙamshin talauci ba ne.

Yawancin irin waɗannan kaya ta kasuwa suke shigowa, kuma kasuwar wannan yanki Jega ce. Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ne ya kafa garin wajen 1820, bayan jihadi, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ta zama mahaɗar fatake: goro daga Gwanja, gishiri daga Foga, dabbobi daga arewa. Matar da ke ƙauye ba ta buƙatar zuwa Gwanja, ranar kasuwa ce ke kawo mata duniya cikin ƙwarya.

Inda muke da damuwa shi ne daddawa. Aikinta ba wasa ba ne: a tara kalwar ɗorawa, a dafa ta kwana guda, a surfe, a wanke, a rufe ta kwanaki har ta nuna. Turawa ma sun lura da bishiyar, shi ya sa a 1826 masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa danginta suna Parkia don tunawa da Mungo Park, wanda ya mutu a Busa. Sai ga dunƙulen Maggi, wanda aka fara yi a Turai a 1908, ya bazu a kasuwanninmu bayan samun 'yancin kai. Ba ma zargin uwargida da ta zaɓi abin da za ta ɓare cikin daƙiƙa guda. Sai dai akwai bambanci tsakaninsa da sauran baƙin. Tumatir da albasa sun shigo gonarmu, mun noma su, kuɗinsu ya tsaya a hannun manomi. Kuɗin daddawa kuwa na tsohuwar da ke dafa ta ne, da shi take sayen sabulu da kayan ɗakin jikarta, kuma kowane dunƙule da aka saya wani abu ne ya bar hannunta. Ɗorawa kan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya, ga masu gawayi ba sa jira, kuma a gonaki da yawa babu ƙananan da za su gaji manyan da ake sarewa.