Alhassan Ɗantata da Tsare Uwar Kuɗi: Nazari kan Naci a Kasuwanci

Labarin da aka fi bayarwa game da Alhaji Alhassan Ɗantata shi ne na shekarar 1929, lokacin da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, shi kuma ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Jama'a na jin daɗin labarin saboda yawan dukiyar. Mai nazari kuwa tambayarsa daban ce: a garin da biki da suna da hidimar dangi ke cinye riba tun ba ta kwana ba, ta yaya ɗan kasuwa ya tara tsaba har haka bai taɓa ta ba?

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, waɗanda fataucin goro daga Gwanja ne gadonsu. Wannan fatauci makaranta ce mai tsanani. Ayari kan yi watanni a hanya, goro kuma ba ya jira. Dole a riƙa kwance huhu a zango, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Wanda ya yi kasalar wannan aiki na 'yan kwanaki, to ya isa gida da asara. Paul Lovejoy, a littafinsa Caravans of Kola na 1980, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan hanya ta hanyar zumunci da bashi da amana. A nan Alhassan ya koyi cewa jari abu ne da ake dubawa kullum, ba sai ranar lissafi ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka nacinsa manne wa goro ne. Da ya ga jirgin ruwa ya fi jaki sauri, sai ya koma ɗauko goro daga gaɓar Gana ta yau zuwa Legas ta teku. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai da ita don masaƙun Ingila, amma manoma suka zaɓi gyaɗa: ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Jan Hogendorn, wanda ya yi nazarin wannan ciniki, ya danganta bunƙasarsa da tsofaffin fataken goro, domin su ke da jari da yara a ƙauyuka. Alhassan ya zama mai saye wa kamfanin Neja, daga baya UAC. Haja ta sauya, hanya ta sauya. Abin da bai sauya ba shi ne tsarin aikin.

Tsarin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Maigida zai bai wa yaransa kuɗi tun kafin kaka, su shiga karkara su kafa sikeli, su auna, su cika buhuna, su turo Kano. Babu takardar kotu a tsakani, magana ce kawai. Irin wannan hulɗa ba ta ɗorewa sai maigidan ya fi kowa tsare kansa: ya biya a ranar da ya ce, kada ya tauye awo, kada ya ɗebi kuɗin sayen kaya ya yi gini ko ya ƙara aure. Ranar da yaro ya ga maigida na cin uwar kuɗi, shi ma ya sami fatawa. Shi ya sa sauƙin rayuwar da aka san Alhassan da shi ba rowa ba ce, kamar yadda wasu ke fassara ta. Sharaɗi ne na aikin. Dalar gyaɗa da aka riƙa ɗaukar hotonta a da, a gaskiya tarin alƙawura ne da aka cika a kan lokaci.

Ba za a ce hali kaɗai ya yi komai ba. Kamfanonin Turawa ne ke riƙe da farashi da fitar da kaya, kuma kusanci da su ya ba shi damar da dubban masu ƙoƙari ba su samu ba. Amma ba shi kaɗai aka bai wa wannan dama ba, kuma sunayen da yawa daga takwarorinsa sun ɓace tare da su.

Babbar jarrabawa ita ce mutuwa. A kasuwanninmu, kanti kan rufe ne bayan sadakar arba'in, idan aka raba gado kowa ya kama gabansa. Alhassan ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, ya bar 'ya'yan da ya riga ya sa a harkar da kamfani mai sunan gidan. Lokacin da fari da cutar gyaɗa da kuɗin fetur suka kashe cinikin gyaɗa a shekarun 1970, gidan ya riga ya shiga sufuri da gine-gine. Ɗansa Aminu ya riƙe har rasuwarsa a 2025, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi, wani ɗan Alhassan, ne ta wajen uwa.

Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ke karanta wannan, ya yanka wa kansa albashi daga ribar kanti, ya rubuta shi, ya daina zura hannu a aljihun ciniki, sannan ya zaunar da ɗaya daga cikin 'ya'yansa kan littafin lissafi tun yana da ƙarfin gyara masa.