Auren Manoman Ailan da Camfe-camfensu

A yamma da Ingila akwai wani tsibiri da ake kira Ailan. Mutanensa na da yawancinsu manoma ne, 'yan ɗarikar Katolika, abincinsu kuwa dankalin Turawa. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, aka shiga yunwa mai tsanani. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, kamar haka kuma suka yi ƙaura.

Wannan masifa ta sāke sha'anin aurensu. Manoma suka daina rarraba gona ga 'ya'yansu, sai a bar wa ɗa guda, shi kuwa ba ya aure sai tsoho ya sakar masa gonar. Sau da yawa sai furfura ta fara fito masa.

Idan lokaci ya yi, akan nemi mai dalilin aure ya shiga tsakani. A can uban yarinya ne ke ba da dukiya, ko kuɗi ko shanu. Kafin ya yarda sai ya taka gonar da ƙafarsa, ya duba dabbobi da ruwan sha. Dukiyar nan kuwa da ita ake aurar da ƙanwar ango. Sauran 'ya'ya, ko su zauna ba aure, ko su shiga jirgin ruwa zuwa Amurka.

Ba a ɗaura aure cikin azuminsu na kwana 40, saboda haka akan yi ta bukukuwa daga 6 ga Janairu har Talatar jajiberen azumi. Wanda ya bari lokacin ya wuce shi, ranar Lahadin farko ta azumi yara kan shafa masa alli a baya, don a yi masa dariya.

Camfi kuwa ba a magana. Ba su son aure a watan Mayu. Amarya ba ta sa koren tufafi, wai launin aljannu ne. In tana rawa ba ta ɗaga ƙafa biyu gaba ɗaya, kada aljannu su sure ta. Takan riƙe ƙarfen kofaton doki don sa'a. Namiji ake so ya fara yi mata barka, ba mace ba. Da dare sai waɗansu samari su zo ba gayyata, sun rufe fuskokinsu da hulunan kara, su yi rawa da amarya, su tafi. Ita kuwa ba ta zuwa ganin gida sai bayan wata guda.

Da zamani ya juya, al'adun suka yi ta gushewa. A 1935 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar tattara al'adun gargajiya, daga 1937 kuma aka sa 'yan makaranta su tambayi tsofaffi su rubuta abin da suka ji. Da ba don rubutun nan ba, da yawancin labarin ya bi masu shi kabari.