Takardu biyu a ƙasan adaka



Makon jiya Maigida ya aike ni rubuta kayan gādon wani dattijo, Allah Ya jiƙansa. A ƙasan adakarsa muka ci karo da takardu biyu: cek na kuɗin albasa wanda bai taɓa kai wa banki ba, da wani rasit da ya yi jawur, na shekarar 1982. Magada suka tambaye ni ko akwai abin da za a samu.

Na cek ɗin mai sauƙi ne. Banki a Gana ba ya biyan cek da ya wuce wata shida. Amma bashin yana nan a wuyan wanda ya rubuta, sai a koma gare shi ko ga magadansa su sabunta.

Rasit ɗin ne mai dogon labari. A watan Maris na 1979 gwamnatin Janar Akuffo ta rufe iyakoki ta canja kuɗi: ka kai sidi goma, a ba ka bakwai, abin da ya haura dubu biyar kuwa rabi za ka karɓa. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, a farkon 1982 gwamnatin Rawlings ta soke takardar sidi hamsin, wadda ita ce mafi girma a lokacin. Aka ce kowa ya kai nasa banki a ba shi rasit, biya sai nan gaba.

Ku duba garinmu Bawku, ga Togo nan kusa, ga ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Fataken shanu da na goro a manyan takardu suke ƙulle jarinsu, don su ne masu sauƙin ɗauka. Ina ɗan makarantar allo na ga iyayenmu suna dawowa da ɗan guntun takarda maimakon kuɗin bijimi. Wasu ma tsoron tambayar soja ya hana su zuwa. Da yawa har suka koma ga Allah ba a biya su ba. Ina jin abin da ya raba marigayin da ƙofar banki ke nan, kuma ban ga laifinsa ba.

Rasit ɗinsa na sidi dubu biyu ne. Da canjin 2007, inda dubu goma ta koma sidi ɗaya, ya zama pesewa ashirin. Na faɗa wa magada haka. Babban ɗansa ya roƙi a bar masa takardar cikin rabonsa.