Simlink da manajan manhajoji

Simlink wani ƙaramin fayil ne da ke nuna hanyar zuwa wani fayil ko folda. Ya bazu da tsarin 4.2BSD na 1983, kuma a Linux ana ƙirƙirarsa da umarnin ln -s.

Idan faifan kwamfuta ya cika, wasu kan kwashe babbar folda kamar /opt zuwa wani faifai, su bar simlink a gurbinta. Manajan manhajoji, wato shirin da ke girkawa da sabunta manhajoji, yana ɗauka cewa foldar na nan inda ya san ta.

A Debian da Ubuntu, dpkg yana bin simlink ɗin, ya zuba fayiloli a sabon wurin. Pacman na Arch Linux ya daina yin haka tun fitowar 4.2 a 2014, don haka sabuntawa kan tsaya saboda karon fayiloli. Nix kuwa ba ya yarda /nix ya zama simlink.

Hanya mafi aminci ita ce umarnin mount --bind, domin manajan zai ga folda ta gaske. Ana rubuta shi a /etc/fstab don ya ɗore bayan an sake kunna kwamfuta.