Daga Bakin Ƙofa Zuwa Kan Gado: Tarihin Makwancin Kare

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba, na Sabon Ibadan da Shagamu, har zuwa Fatakwal da Kalaba. Yau za mu taɓo wata magana da ake yawan yi a bakin shago da majalisar bayan la'asar, ana dariya ana girgiza kai, wato maganar mutanen da ke kwana gado ɗaya da karnukansu. 'Yan uwanmu masu aikin gadi ko tuƙi a manyan gidajen Ikoyi da Lekki da Bodija sun san ba tatsuniya ba ce. 'Ya'yanmu ma suna gani a fina-finai da wayoyin hannu, wasunsu har sun fara tambayar me ya sa mu ba ma yi. Mukan ce musu ba al'adarmu ba ce, kuma gaskiya ne, to amma wannan amsa ba ta ƙosar da yaron da ya tashi a Legas. Shi ya sa na ga ya dace mu bi sawun abin tun daga tushe. Idan mai karatu ya bi ni a hankali zai ga cewa a ƙasashen da aka fi yin wannan ɗabi'a, kare bai hau gadon talaka ba sai da aka kawar da ciwon haukan kare aka kuma shawo kan ƙuma. Mu kuwa nan ƙasar an kwaso ƙarshen labarin ne an bar farkonsa.

Zaman farko

Zaman mutum da kare tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na ƙasar Jamus, suka tono wani kabari mai ɗauke da namiji da mace da ɗan kwikwiyo, an binne su tare kimanin shekara 14,000 da suka wuce. Wannan ya nuna shaƙuwar ba ta yau ba ce. Sai dai shaƙuwa daban, makwanci daban. A mafi yawan tarihi kare ma'aikaci ne: ya yi farauta, ya tsare garke, ya yi haushi idan baƙo ya doso. A garin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekarar 79 miladiyya, har yanzu ana ganin hoton kare ɗaure da sarƙa a daɓen ƙofar wani gida, da rubutun gargaɗi ga mai shigowa. Wato su ma Rumawa bakin ƙofa suka sani a matsayin wurin karen gadi.

Sarakuna ne suka fara

Waɗanda suka yi suna wajen shigar da kare ɗakin kwana su ne sarakuna da matan masu hali, mutanen da ke da barori masu wanke shi da share ƙazantarsa. A 1570 wani likitan Ingila mai suna John Caius ya rubuta littafi yana rarraba karnukan ƙasar bisa aikinsu, ya ware wani rukuni na ƙananan karnuka da ba su da aikin komai sai ɗebe wa matan manya kewa. Sarkin Ingila Charles na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685, yakan bar karyarsa ta haihu a ɗakin kwanansa, har wani na kusa da fada, John Evelyn, ya rubuta cikin kundinsa yana kukan yadda fadar ta cika da wari. Sarkin Furushiya Frederick Babba shi ma da karnukansa yake kwana, ya kuma bar wasiyya a binne shi kusa da kaburburansu a Potsdam. Ya mutu a 1786, magadansa suka ƙi cika wasiyyar, sai a 1991 aka mayar da gawarsa can.

Abin lura a nan shi ne, ko a Turai ana kallon wannan a matsayin son ran masu mulki ne. Manomin Ingila na wancan lokaci karensa a waje yake kwana, ko a rumfar dabbobi, kamar dai na manomin Katsina ko na Ogbomosho.

Yadda abin ya sauko ga talaka

A ƙarni na 19 ne masana'antu suka cika biranen Ingila da ma'aikata masu albashi, su kuma suka shiga kwaikwayon gidan sarauta, domin Sarauniya Victoria ta yi fice wajen son karnuka. An yi gasar nuna karnuka ta farko a Newcastle a 1859, aka buɗe gidan tara ɓatattun karnuka a Landan a 1860, aka kafa ƙungiyar rajistar jinsin karnuka a 1873. A wannan tsakani ne kuma aka fara sayar da biskit na musamman don karnuka. Kare ya zama haja, ya zama ado.

To amma akwai dodon da ya tsaya tsakanin kare da gadon mai gida, shi ne ciwon haukan kare. A lokacin duk wanda mahaukacin kare ya ciza, ciwon ya kama shi, sai dai a jira ajali. Sai a watan Yulin 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar da ta cece shi bayan cizo. Ingila kuwa hanyar doka ta bi. Daga 1897 ministan gona Walter Long ya tilasta sanya wa karnuka takunkumi a yankunan da ciwon yake, ana kama na kan titi, ana tsare duk karen da aka shigo da shi daga waje. Masu karnuka suka yi ta zaginsa, bai janye ba. Zuwa 1902 ciwon ya ɓace daga ƙasar. Ya sake shigowa a 1918 a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sake murƙushe shi zuwa 1922. Daga nan suka riƙe dokar tsare baƙon kare wata 6 cur, ba su sassauta ta ba sai a shekarar 2000. Amurka kuwa ta hanyar yi wa karnuka allura ta bi, sai a 2007 ta bayyana cewa nau'in ciwon da ke yawo tsakanin karnuka ya ƙare a ƙasarta.

Saura ƙuma da kaska. Su ma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da magungunan da ake ɗiga wa kare a ƙeya sau ɗaya a wata, irin su Frontline da Advantage. Ka ga ke nan, karen da kake gani a fim yana kwance kan bargon yaro, a bayansa akwai aikin shekara ɗari na doka da allura da likitan dabbobi. Wannan ɓangaren ne kyamara ba ta nunawa.

Duk da haka, su ma can ba a daina muhawara ba. A 2011 mujallar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga wani nazari da ya tattaro cututtukan da mutane suka ɗauka ta hanyar kwana da dabbobi ko barin su suna lasar fuska. A 2017 asibitin Mayo ya gwada mutum 40 masu karnuka, ya ga cewa wanda karensa ke kwance a ƙasan ɗaki ya ɗan fi samun barci mai kyau kan wanda karen ke kan gadonsa. Adalci shi ne a faɗi cewa inda ake kula da kare yadda ya kamata haɗarin kaɗan ne, kuma tsofaffi da yawa da ke zaune su kaɗai a can da shi suke ɗebe kewa. Wannan ma wani darasi ne game da irin zaman da suka zaɓa.

Namu tarihin

A ƙasar Hausa kare sananne ne wajen mafarauta da makiyaya da masu gona, har ya shiga karin magana, kamar inda ake cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Makwancinsa ƙofar gida ne, ko gindin rumbu, ko bakin garke. Abzinawa ma, waɗanda ke ji da dogayen karnukan farautarsu na yankin Azawak, aiki suke ba su: tsaron zango da kamun barewa.

Wannan tsari yana da tushe a karatunmu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Malamai masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron miyagu, kuma da irin wannan ne da yawa suka halatta karen gadi. Akwai kuma abin da wasunmu ba su sani ba: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau 7 bin umarni ne kawai. Shafi'iyya ce ta tsananta a kan najasarsa. Saboda haka barin kare a waje da iyayenmu suka yi ba ƙiyayya ba ce, ajiye kowa ne a muhallinsa, tare da kiyaye hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Karen Ashabul Kahafi ma a bakin kogon ya kwanta, kuma an ambace shi cikin Alƙur'ani. Hadisi ya ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa. Babu inda aka ce a jefe shi ko a bar shi da yunwa.

Da kakanninmu fataken goro da shanu suka sauka Kurmi, har aka yanka musu unguwar Sabo a Ibadan a 1916, sun tarar da mutane masu nasu tsarin. Mafarautan Yarbawa na shiga daji da karnuka, masu bautar Ogun na yanka kare a matsayin hadaya. A yankin Kalaba da Akwa Ibom nama ne, kuma kasuwar Dawaki ta jihar Filato ta yi suna wajen tura karnuka can. Duk bambancin nan, babu wanda ya san kare da gado. Turawan mulkin mallaka ne suka zo da karen ado unguwanninsu irin Ikoyi, suka zo da lasisin kare da kamun na kan titi, kamar yadda masanin tarihi Saheed Aderinto ya bayyana a littafinsa na 2022 kan dabbobi a zamanin mulkin mallaka. Bayan yaƙin basasa, da fashi da makami ya yawaita a shekarun 1970, masu hali suka ƙara rungumar manyan karnukan gadi. Ƙananan nan masu gashi buzu-buzu da ake rungumewa a mota kuwa na baya-bayan nan ne.

Inda gizo ke saƙa

Abin da Ingila ta gama da shi a 1922, mu har yanzu muna tare da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Nijeriya na cikin ƙasashen da ciwon ya zauna daram, duk da cewa cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ta samo asali tun 1924, ta daɗe tana haɗa allurarsa. Masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura kafin ciwon ya daina yawo. Ba sai ƙasa ta yi arzikin Ingila ba: Meziko ta bi wannan hanya, a 2019 aka tabbatar ta raba mutanenta da ɗaukar ciwon daga kare.

Ƙwayar ciwon a yawun kare take, kuma tana iya kasancewa a ciki kwanaki kaɗan kafin a ga alamar hauka. Ba sai cizo ba, lasar ƙurji ko ido ko baki ma na iya isa. To mai karatu ka auna da kanka: karen da ke fita titi da rana yana cuɗanya da na bola, ba allura ba maganin kaska, a ce da dare yana numfashi kusa da fuskar yaro. Wannan ba wayewa ba ce, ganganci ne.

Abin da ya rage mana

Mu dai mun san inda za mu ajiye kare, amma ba mu kaɗai ke zaune a gidajen haya ba, kuma ba mu ke da iko da ɗakin maƙwabci ba. Zagi da tsaki ba za su tsare mana yara ba. Abin da za mu iya shi ne mu tambayi mai kare, cikin mutunci, ko an yi masa allura kuma yaushe. Ɗan uwa mai gadi da aka haɗa shi aiki da karnuka yana da haƙƙin ya nemi ganin katin allurarsu kafin ya karɓi aikin. Mu da muke ajiye kare a kara ko gareji ko gona, mu fara da namu. Mu hana yaranmu jifan karnuka da tsokanarsu, mu kuma koya musu su faɗa mana ko da yaƙushi ne, don yaro kan ɓoye saboda tsoron duka. Idan tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar don allura. Kada a tsaya shafe-shafen gida ana jiran a ga abin da zai faru, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana kusan babu mai tashi.

Ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, ita aka ware tun 2007 don faɗakarwa kan wannan ciwo a duniya. Da sarakunan Hausawa da limamanmu za su riƙa gayyatar likitocin dabbobi na jiha zuwa unguwanninmu a irin wannan lokaci, da mu da maƙwabtanmu duk mun amfana. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya ba mu zama lafiya da waɗanda muka tarar.