Kwanson harsashi

Kwanson harsashi shi ne ƙoƙon ƙarfen da ke riƙe da kan harsashi da albarushi da ɗan abin tayar da wuta da ke gindinsa. Idan aka yi harbi, kan ne ke fita ta bakin bindiga, kwanson kuma ya rage. Galibi da tagulla ake yin sa, wato haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, domin tana buɗewa ta toshe ɗakin harsashi a lokacin harbi, sannan ta ɗan koma yadda take. Akwai kuma na baƙin ƙarfe, wanda ya fi araha.

Asalin kalmomin

Harsashi daga Larabci ya samo asali, daga kalmar da ke nufin dalma. Haka ma albarushi da bindiga aro ne daga Larabci. Kwanso kuwa kalmar gida ce, da ma can tana nufin ɓawo mai tauri, sai aka faɗaɗa ma'anarta.

Sake cikawa da datsewa

A ƙasashen da doka ta yarda, musamman Amurka, mafarauta da masu gasar harbi kan tara kwanso su sake cika shi. Matsalar ita ce tagulla tana miƙewa. Duk lokacin da aka harba kwanso aka sake matse shi, sai tsawonsa ya ɗan ƙaru. Idan ya wuce ƙima, bakinsa kan cije kan harsashi a maƙogwaron bindiga, matsin iskar ya hauhawa, har ya iya fasa bindigar a hannun mai ita. Shi ya sa ake datse shi, bisa ma'aunin da hukumomi irin su SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, suke fitarwa.

Na'urar datsewa iri-iri ce. Akwai ta hannu mai mariƙin juyawa, wadda ake saita ta ga kowane girma. Akwai mai ma'auni kafaffe, irin ta kamfanin Lee, mai araha amma kowane girman harsashi da nasa ma'aunin. Akwai kuma mai aiki da lantarki. Abin da ke raba zaɓi shi ne yawan aiki: mai kwanso kaɗan ta hannu ta ishe shi, mai ɗaruruwa kuwa sai ta lantarki. Kwanson doguwar bindiga mai wuya kamar kwalba shi ya fi miƙewa. Na ƙaramar bindiga, mai miƙaƙƙen jiki, ba kasafai yake buƙatar datsewa ba.

Ba kowane kwanso ne ke sake cikuwa cikin sauƙi ba. Mai tsarin Boxer, wanda Edward Boxer na Ingila ya ƙirƙira, shi ne mai sauƙi. Mai tsarin Berdan, na Ba'amurke Hiram Berdan, yana da wuyar sha'ani. Abin mamaki, na Baturen Ingila ne ya samu karɓuwa a Amurka, na Ba'amurken kuma a Turai.

A Najeriya

Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta soja, don haka sake cika kwanso a gida laifi ne. Hukumar DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964, ita ce aka ɗora wa ƙera harsasai domin jami'an tsaro.

A Birnin Gwari, mafarautan gargajiya da adaka aka san su, wadda ake kira bindigar toka ko harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi, ba ta da kwanso sam. Kwanso ya zama abin gani a ƙauyukan yankin ne da yawaitar hare-haren 'yan bindiga masu fakewa a dazukan Kamuku da Kuyambana, waɗanda ke riƙe da AK-47. Yawancin harsashin wannan bindiga, mai girman 7.62×39, kwansonsa na baƙin ƙarfe ne mai tsarin Berdan, ba a cika sake amfani da shi ba. Amfaninsa ga masu bincike ne: tambarin da ke gindinsa kan nuna masana'anta da shekarar ƙira, kuma da shi ake bin sawun hanyar da harsasai suka biyo har suka shigo daji.