Armeniyawa a Rundunar Farisa, da Sojojin Dalma

A ƙasashen Turawa akwai wani wasa wanda har dattawa ke yi. Su kan sami 'yan mutum-mutumin soja na dalma ko na roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, su shafa musu fenti, su jera su bisa babban tebur, sa'an nan su sake buga wani yaƙi na zamanin da bisa waɗansu dokoki. Hafsoshin Furushiya ta ƙasar Jamus sun karɓi irin wannan wasa a 1824 don koyon dabarun yaƙi, kana a 1913 wani marubucin Ingila, H. G. Wells, ya buga littafin dokokinsa na nishaɗi mai suna Little Wars.

Abin da ya sa muka kawo muku zancen, samari, shi ne wasan ya kan tilasta wa mai yinsa amsa tambayoyin da ɗalibi kan tsallake. Ɗalibi ya iya rubuta cewa Armeniyawa sun bi Sarkin Farisa yaƙi, ya wuce abinsa. Mai fenti kuwa ba dama, sai ya san a ƙasa su ke ko bisa doki, da abin da ke kansu, da abin da ke hannunsu.

Armeniya ƙasa ce ta duwatsu da matsanancin sanyi, wajen mafarin kogin Furatu da na Dijla. A shekara ta 480 kamin haihuwar Annabi Isa, sa'ad da Sarki Zaksis ya tasam ma Girkawa, masanin tarihin nan Hirodotus ya lissafa Armeniyawa cikin dakarun ƙasa. Ya ce shirinsu irin na mutanen Firijiya ne, watau kwalkwali saƙaƙƙe, da 'yar garkuwa, da gajeren mashi, da masun jifa, da wuƙa, da takalmi mai kaiwa tsakiyar ƙwauri. Shugabansu kuwa surukin Sarki Dariyus na Fari ne. Amma a fadar Farsifolis, inda aka sassaƙa a jikin dutse siffar kabilun da ke kawo wa sarki gaisuwa, an nuna Armeniyawa da wando da taguwa irin na mahaya, suna janye da doki. To, kun ga shaida biyu ke nan, na alƙalami da na dutse, ba su kuwa faɗi abu ɗaya ba.

A ganinmu dokin nan shi ne babban zance. Zinofon, Bagirken da ya ratsa ƙasar da sojoji cikin hunturun 401 zuwa 400, ya tarad da mutane na zaune cikin gidajen ƙarƙashin ƙasa tare da dabbobinsu, suna kiwon 'yan dukushi domin harajin sarki. Ya ce dawakinsu ba su kai na Farisa girma ba, amma sun fi su zafi. Har mai garin ya koya musu ɗaura 'yan buhuna a ƙafafun dawaki don kada su nutse cikin dusar ƙanƙara. Sitirabo kuma ya rubuta cewa dukushi 20,000 gwamnan Armeniya kan aika wa sarki kowace shekara. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da muka same su bisa dawaki a yaƙin Gaugamela na 331, kusa da birnin Mosul na yanzu, inda Iskandar na Masedoniya ya karya Dariyus na Uku. An tsai da mahayansu tare da na Kafadokiya a gaban hannun dama na rundunar, da karusai 50 masu lauje, kuma wannan gefen ne ya fi matsa wa Girkawa a ran nan.

Tsakanin yaƙin Zaksis da wannan akwai shekara 149. Wanda ya jera dakarun fari a filin na biyu ya yi kure, haka kuma wanda ya sa wa mahayan Gaugamela sulke tun daga kai har ƙafa, mutum da doki, irin na barade da Sarki Tigiran na Armeniya ya fito wa Rumawa da su a shekara ta 69.

Saura kalma ɗaya. Masu wasan kan kira su abokan Farisa, amma aboki ba ya biyan haraji. Hirodotus ya ce lardin da su ke ciki talanti 400 na azurfa a ke karɓa gare shi duk shekara, kowane talanti kuwa wajen kilo 30 ne. Ba su kuma sunkuya da sauƙi ba. A rubutun da Dariyus na Fari ya sa aka sassaƙa a dutsen Bihistun, an ce sun yi tawaye tun farkon sarautarsa, sai da aka gwabza sau biyar. Uku daga ciki, na shekara ta 521, wani baran sarki mai suna Dadarshi ne ya ja rundunar Farisa, shi kuwa Ba'armeniye ne. Mai son buga waɗannan bisa tebur sai ya jera Armeniyawa a wancan gefe, kana ya tsai da ɗan'uwansu a gaban rundunar da za ta auka musu.